Zambon Ƴan Ƙwallo da Yaran da Aka Manta

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙonni, da wuya ka ji wani ya ce "Real ta ci". Abin da za ka ji shi ne "mun ci". Yaron da bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba zai buga ƙirji ya ce "mun sayi ɗan wasa", sai ka ce da kuɗin albasar babansa aka biya. Ranar da aka lallasa su kuma sai bakin ya juya, ka ji "ai yaran nan ba su yi wasa ba". Mu ta koma su cikin minti casa'in. Wanga abu ba a kanmu aka fara ba. A 1976 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, shi da abokan aikinsa sun bibiyi ɗaliban jami'o'i, suka tarar in ƙungiyar jami'arsu ta yi nasara sun fi cewa "mu", in ta sha kashi sai "mu" ɗin ta ragu. Wakilin suna ƙaramar kalma ce, amma da ita mutum ke shiga inuwar wani, da ita kuma yake zamewa in rana ta yi zafi.

Abin da ya dame ni a wannan rubutu shi ne abin da ke samun "mu" da "su" in abin kunyar ya wuce faɗuwa a fili, ya zama laifi ne aka yi wa ɗiyan mutane. Misalin da ya fi fitowa fili daga Amurka yake, to can zan fara, amma ba can zan tsaya ba.

Sai an fahimci wani abu tukuna. A Amurka ƙwallon jami'o'i ba irin wasan da muke yi tsakanin sassa ba ne, da raga ta igiya da alƙali mai silifa. Ƙwallonsu ne na hannu, mai kama da ƙwai, kuma jami'a guda tana iya mallakar filin da ke cin mutum fiye da dubu ɗari. Jami'ar Penn State, a jihar Pensilbaniya, tana da irinsa. Kocinta Joe Paterno ya riƙe ƙungiyar tun 1966, ya ci wasa 409, har aka ƙera gunkinsa na tagulla aka kafa a bakin filin tun yana raye. Sunan da ya yi har da na tarbiyya: ana cewa a wurinsa yaro na wasa kuma yana karatu, ba maguɗi.

Ranar 5 ga Nuwamban 2011 aka tuhumi Jerry Sandusky, wanda ya daɗe yana mataimakin Paterno kafin ya yi ritaya a 1999, da laifin yi wa yara maza fyaɗe da cin zarafinsu. Yaran yana samo su ne ta wata gidauniyar taimakon marasa galihu da shi ya kafa a 1977. A 2001 wani ƙaramin mataimakin koci, Mike McQueary, ya gan shi da yaro a wurin wankan ƴan wasa. Ya gaya wa Paterno, Paterno ya gaya wa shugaban sashen wasanni, magana ta kai ga manyan jami'a, amma ba wanda ya kai ta ga ƴan sanda. Shekara goma Sandusky na yawonsa. A Yunin 2012 kotu ta same shi da laifi 45 cikin 48 da suka shafi yara goma, aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60. Binciken da tsohon shugaban FBI Louis Freeh ya jagoranta ya ce manyan jami'ar huɗu, har da Paterno, sun rufe maganar don gudun ɓacin suna. Iyalan Paterno sun musanta hakan. Shi kansa ya rasu a Janairun 2012, kafin rahoton ya fito.

Daren 9 ga Nuwamba, da aka sanar da korar Paterno, dubban ɗalibai suka cika titi, suka kifar da motar wani gidan talabijin. Fushinsu a kan korar tsoho ne. Wannan ɓangaren kowa ya soke shi, kuma ya cancanci suka. Ni ɗaya ɓangaren nake so mu duba, wanda ba a cika tuhuma ba don yana kama da mai gaskiya: magoya bayan jami'o'in da ke hamayya da Penn State.

Su abin ya zo musu kamar ruwan farko. Shekara da shekaru ana yi musu gorin tarbiyya, yau ga mai gori a ƙasa. A Satumban 2014, da Penn State ta je wasa jami'ar Rutgers, wasu magoya bayan masu gida suka fito da riguna da alluna na ba'a, ciki har da masu rubutun "Ped State", wato sun gutsure kalmar Ingilishi ta mai lalata da yara sun dasa ta a gurbin sunan jami'ar. Sai da shugabar wasannin Rutgers, Julie Hermann, ta fito ta ba da haƙuri. A matsayina na ɗalibin harshe ba zan ƙi cewa dabarar ta zauna ba: sauti kaɗan aka canza, suna ya zama zagi. Mu ma gwanayen haka ne, kowa ya san yadda ake karkata sunan ƙungiya ko na gari a fada har a yi ta dariya. Amma gwanintar baki daban, abin da aka yi da ita daban.

Zambo a al'adarmu mutum uku yake bukata: mai yi, da wanda ake yi wa, da masu saurare. Makaɗin fada in zai wasa ubangidansa sai ya kwance wa abokin hamayyarsa zane, ya siffanta rowarsa ko tsoronsa ko ƙaton cikinsa, jama'a su yi dariya. Wanda aka yi wa zambon babba ne, yana da nasa makaɗin da zai rama masa. A zambon filin Rutgers akwai mutum na huɗu wanda ba a gayyata ba, shi ne yaron da aka yi wa abin. Da jikinsa aka ƙera barkwancin. In ka cire abin da ya same shi a wurin wankan nan, rigar ba ta da abin dariya ko kaɗan. Kuma a fili mai dubban mutane, ko a gaban talabijin, ba makawa akwai wanda aka taɓa yi wa irin haka yana ƙarami, wataƙila ma sanye da rigar Rutgers ɗin. Abin da ya koya a ranar shi ne, in ya buɗe baki, labarinsa zai zama kayan shewa.

Wani zai ce ai wasa ne, kamar na taubasai. A nan na ƙi. Wasan taubasantaka da muke taƙama da shi, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana da ƙa'ida. Bafillace da Babarbare za su yi ta jifan juna da maganar bauta da ci da tsoro, amma ranar da ɗiyar ɗaya ta mutu ɗayan ne zai fara zuwa gaisuwa. Taubashi ba ya taɓa gyambon gaske, kuma wasan da kansa alkawari ne na cewa in wuta ta tashi gidanka zan zo da guga. Ko a filin kokawa, inda jihohi ke gasar takobi tun 1975, kirari da cika baki a kan ƙarfi suke tsayawa da wanda zai sha ƙasa. Wanda ya ɗauko asirin gidan abokin karawa ya kawo fili, dattawan wurin ne za su fara tsawata masa.

An ga wani abu mai kama da wannan ƙa'ida a wasan farko bayan tonuwar asirin, ranar 12 ga Nuwamban 2011, da Nebraska ta zo gidan Penn State. Kafin a fara, ƴan wasan ɓangarorin biyu suka haɗu a tsakiyar fili suka durƙusa aka yi addu'a. Daren da ya gabata dubban ɗalibai sun taru da kyandir domin yaran, tsofaffin ɗalibai kuma suka tara fiye da dala dubu 500 ga wata ƙungiya mai taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ban ce wannan ya wanke kowa ba. Durƙuso a gaban kyamara ba shi da tsada, kuma bayan an shafa an buga wasan, Nebraska ta ci 17 da 14. Amma dai a wannan ranar an tuna da wanda aka zalunta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni tsoro. Penn State tana cikin rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten, tare da Ohio State da Michigan da Michigan State, manyan abokan hamayya. A Janairun 2018 aka yanke wa Larry Nassar, likitan wasanni na Michigan State, ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tsaya gaban kotu sun faɗi abin da ya yi musu. Jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 500. A Mayun 2019 wani rahoto ya ce likitan Ohio State, Richard Strauss, ya ci zarafin ɗalibai maza aƙalla 177, kuma akwai ma'aikatan da suka sani. A Janairun 2022 Michigan ta amince ta biya dala miliyan 490 ga mutum fiye da dubu da suka ce likitanta Robert Anderson ya ci zarafinsu tsawon shekaru. Ma'ana, lokacin da ake nuna Penn State da yatsa a 2011, waɗannan abubuwa sun riga sun faru a gidajen masu nunin, wani ma yana kan faruwa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Sai dai a yi hattara da wannan karin maganar, don ita ma ana ɓuya a bayanta. Da labarin Ohio da Michigan ya fito, mai goyon bayan Penn State ya samu abin ramuwa: "ku ma kun yi". Wannan jimla ita ce zambo na biyu, kuma ta fi na farko illa, don tana mayar da yara maki a kan allo, ku goma mu ɗari da saba'in da bakwai, wa ya fi wa. A Glasgo ta Sikotilan an daɗe a haka. An ɗaure Jim Torbett, wanda ya kafa ƙungiyar yara mai alaƙa da Celtic, sau fiye da ɗaya kan cin zarafin yara, a 1998 da 2018, kuma magoya bayan Rangers sun mayar da batun taken tsokana suna zargin tsohon kocin Celtic Jock Stein da sani. Daga baya zarge-zarge suka fito a kan wani tsohon mai horar da yara na Rangers ɗin, Gordon Neely. Kowane gefe yanzu na da dutsen jifa a aljihu, kuma dutsen ɗan wani ne.

Akwai hujja guda da nake girmamawa daga masu kare ba'a. Suna cewa babbar hukuma ba ta jin nasiha, kunya kawai take ji. Ba don surutun waje ba, da gunkin Paterno na nan tsaye. Da gaskiya a ciki. An cire gunkin ranar 22 ga Yulin 2012, washegari hukumar wasannin jami'o'i ta ci tarar Penn State dala miliyan 60, wajen miliyar 30 ke nan na sefa, ta kuma soke nasarorinta 112. Matsin jama'a ya yi aiki. Amma mu tambayi wa ya tono maganar. Wani yaro ne ɗan sakandare da mahaifiyarsa suka kai ƙara, masu bincike suka bi, wata matashiyar ƴar jarida ta yankin, Sara Ganim, ta buga labarin tun watan Maris na 2011, abin da ya sa ta samu kyautar Pulitzer. Masu riguna da alluna sun zo ne bayan an gama farauta. Kuma gwajin mai sauƙi ne: fushin da ya kwanta ranar da abin ya faɗo gidanku, tun asali ba domin yaran aka yi shi ba.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu da filin mutum dubu ɗari a jami'o'inmu, amma muna da "mu" da "su" iri-iri: Real da Barsa, jami'ar Yamai da ta Tawa, masu karatun Faransanci da masu tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, Nijar da Najeriya. Da aka kama Dani Alves a Janairun 2023 kan zargin fyaɗe a wani gidan rawa na Barsalona, a fada maganar ba ta wuce "ga irin tarbiyyar ƴan Barsa nan" ba, su kuma suna "sharri ne anka yi mishi". Kotu ta ɗaure shi shekara huɗu da rabi a Fabrairun 2024, ɗaya gefen ya yi shewa. Kotun sama ta soke hukuncin a Maris 2025, ɗayan ya rama. Ba wanda ya canza ra'ayi don ya ji hujja, kowa rigarsa ya bi. Na Achraf Hakimi ya fi ban mamaki. A Maris 2023 aka tuhume shi da fyaɗe a Faransa, zargin da ya musanta. Amma abin da ya cika wayoyin samari shi ne jita-jitar wai ya rubuta dukiyarsa da sunan mahaifiyarsa don kada matarsa ta samu kaso, aka yi ta sa masa albarka. Wadda ta kai ƙara ko a matsayin tambaya ba ta shigo hirar ba.

Haka ranar 7 ga Oktoban 2019, da BBC ta saki binciken Kiki Mordi a kan malaman jami'ar Legas da jami'ar Gana masu neman ɗalibai mata da maki. A wannan gefen iyaka amsar da ta fi sauƙi ita ce "Najeriya ke nan". Tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya tafiyar kabu-kabu ce, auren juna muke, kasuwa ɗaya muke ci, amma in abin kunya ya tashi sai iyakar ta zama katanga. Alhali duk wanda ya zauna a lise ko jami'a a ƙasashen Faransanci ya san laƙabin "notes sexuellement transmissibles", makin da ake ɗauka ta hanyar kwanciya, wanda aka gina a kan sunan cututtukan da ake ɗauka ta jima'i. Ba a ƙera wa abin da babu shi suna. Ku kuma dubi wa barkwancin ke cizo: makin ne ke da cuta, mai ɗauke da makin kuwa ɗaliba ce. Malamin da ke riƙe da jan biro bai fito a jimlar ba sam. Sakamakonsa, duk yarinyar da ta ci jarrabawa da kyau sai an kalle ta sau biyu.

Hausarmu ma na da nata hanyoyin ɓatar da mai laifi, kuma a nan ne karatun nahawu ke da amfani. Muna cewa "an lalata ta". Wannan "an" ba ta da fuska, ba ta da suna, ba ta da ofis. Daga nan sai aikatau ya juya, "ta lalace", kamar tumatirin da ya kwana a rana, ba mai aikatawa ko na ɓoye. Mataki na uku siffa ce, "lalatacciya", wadda za ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. A taki uku laifin ya tashi daga kan wanda ya yi ya zauna a kan wadda aka yi wa. In yaro namiji ne ma ba a kai ga jimla, shiru ake yi. Ga kuma "abin kunya", da muke fassara "scandale" da ita. Kunyar wa? In aka ce abin kunya ya faru a makaranta kaza, makarantar ce ta zama abar tausayi, ita za a lallaɓa. "Asirinsu ya tonu" kuwa na nuna matsalar ita ce tonuwar. Rufin asiri addu'a ce da kowannenmu ke yi safe da yamma, kuma kyakkyawa ce in talaucinka ko aibinka na kanka ake rufewa. Amma abin da manyan Penn State suka yi a 2001, in za a faɗe shi da Hausa, sunansa ke nan, sun rufa wa gida asiri. Uku daga cikinsu, har da shugaban jami'ar Graham Spanier, kotu ta kama su a 2017 da laifin jefa yara cikin haɗari.

Mai zambo daga waje da mai rufi daga ciki suna ganin kamar gaba suke, amma aiki ɗaya suke yi wa juna. Shugaban makarantar da ya san in magana ta fita abokan hamayya za su yi shekara goma suna waƙe shi da ita, ya samu ƙarin dalilin kiran iyaye a sasanta a ɗaki. Ɗalibar da ke tunanin kai ƙara tana lissafi biyu: ƴan gida za su ce ta zubar musu da mutunci, ƴan waje za su sa hotonta a WhatsApp da alamar dariya. A garuruwa irin namu, inda daga Malbaza zuwa Illela kowa ya san kakan kowa, lissafin ya fi nauyi, don ba sai an faɗi suna ba, "ɗiyar wane da ke karatu Yamai" ta isa.

A Janairun 2015 hukumar wasannin ta mayar wa Penn State nasarorin da ta soke, Paterno ya koma kan 409 ɗinsa, magoya baya suka yi murna suna liƙa lambar a riguna da motoci. Abokan hamayya suka ce an yi musu sassauci, aka sake buɗe sabon babin gardama a kan lamba. Su kuwa yaran, a takardun tuhuma da lamba aka san su, na 1 zuwa na 10. Takwas suka tsaya gaban kotu suka ba da shaida, Sandusky na zaune yana kallonsu. Na 1, Aaron Fisher, wanda ƙararsa ta buɗe binciken, sai da ya bar makarantar sakandarensa ana tsakiyar shekara saboda tsangwamar waɗanda ke ganin shi ya jawo aka kori Paterno.